Gafarar da na nema a bakin kabari

Shekarar da soja suka karɓi mulki, fari ya ƙone gero, wani dattijon unguwarmu, likita, ya dawo Tasawa daga Faransa, inda yake binciken yadda ƙwaƙwalwa ke gani. Na kai masa ɗiyata Hadiza, wadda zazzaɓi ya makantar. Ya daɗe yana haska idonta da 'yar fitila.

"Malam, idonta lafiya lau. Can cikin kai hanyar ta yanke. Ilimina bai kai nan ba."

Na ce, "To me ka je koyowa?" Na daina gaishe shi har ya rasu.

Jiya ɗalibansa suka zo ziyarar kabarinsa, muka bi su. Hadiza, da furfurarta, ta ce, "Baba, ja mini gora, shi kaɗai ya faɗa mana gaskiya." Can na nemi gafararsa. Allah ya haskaka makwancinsa.