Gugan Dawa

Tun da muka komo daga arewa ban ci tuwon gidan ɗana ba. Ɗana na fari nake nufi, wanda ba ni faɗin sunansa, ma'aikaci a Tasawa. Ya aiko matarsa ta ba ni haƙuri. Ya aiko atamfa, tana can ƙunshe yadda ta zo. Mai son jin dalili sai ya fara jin labarin kakata, Inna Jumma.

Mu masu shanu ne na yankin Isawan. Ina ƙarama, in damina ta faɗi manoma suka yi shuka, sai mu kora dabbobi arewa, kwana da kwanaki, har wata rijiya da ke gindin tuddai uku, kusa da wata aduwa. Can muke zama har tabkuna su ƙafe, mu koma jan guga. In an yi magariba, an gama tatsa, an hura wuta don korar sauro, sai Inna Jumma ta miƙe ƙafafu, ta ɗora ƙwarya bisa cinya. Ba ta dariya in tana tatsuniya. "Ku matso," take cewa. "Wutar nan ba ta daɗewa, ni ma haka."

A rijiyar nan akwai ka'ida. Duk wanda ya gama shayar da garkensa, komai gajiyarsa, sai ya ƙara jawo guga ɗaya ya zuba a kwami, wato itacen da aka fafe don shan dabbobi, ya bar shi nan. Gugan dawa ke nan: na barewa, na jimina, na duk abin da ba ya da hannun jan igiya. Ran da wani cikin ƴan'uwana ya yi ƙyuya ya tsallake shi, ran nan tatsuniya ɗaya ce za mu ji.

Wai an yi wani mai shanu, rijiyarsa gaba arba'in. Ya dubi tafin hannunsa duk kanta, ya ce shi ba bawan barewa ba ne. In shanunsa sun sha, sai ya kife kwamin. Barewa ta zo ta sansana busasshen itace, ta juya. Jimina ta zo, ta juya. Ba su yi masa baki ba, ba su kai ƙara ba, tafiyarsu kawai suka yi. Wata shekara iska ta taso ta rufe bakin rijiyar da rairayi, shi kuwa yana kudu. Ya komo da garke cikin ƙishirwa, ya duba ƙasa. Dā sawun barewa ke kai mutum ga ruwa, daga kowace kusurwa, kamar igiyoyi. Yanzu ƙasa sumul. Ya yi ta zagaye, shanu na faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, ta ƙarshe ta mutu taki uku daga bakin rijiyar, bai sani ba.

Nan Inna Jumma ke tsayawa ta dube mu ɗaya ɗaya. "Taki uku," ta ce. "Ku je ku kwanta."

Can ta rasu, kafin a yi mini aure. Aka rufe ta gabas da aduwar, aka aza duwatsu. Bayan shekaru aka mai da wurin gandun daji, aka ce makiyaya kada su ƙara shiga, don a tsare namun dawa. Tun ran nan ban taka wurin ba.

Bana da aka rufe lakwal, yara suka samu hutun karatu, ɗana ya zo da aron mota kat-kat, ya ce zai kai iyali yawon buɗe ido gandun, yara su ga barewa da raƙumin dawa. Na ce zan bi, amma ba kallo zai kai ni ba. Ina son in tsaya kan kakata in yi mata addu'a sau ɗaya kafin a rufe ni. Ya ce insha Allah. Na sa ya sake faɗa gaban matarsa.

Tun asuba muke tafiya, rairayi na kama ƙafar mota, gwiwoyina na kuka. A ƙofar gandun aka haɗa mu da mai nuna hanya, ya karanta mana doka: ba a sauka, ba a barin hanya. Muka wuni muna yawo. Barewa biyu muka hanga, can nesa kamar ƙudaje, yara suka yi ta faɗa kan madubin hange.

Da la'asar na ga tuddan nan uku. Na ce a tsaya. Ɗana ya ce esansi, wato man mota, ba za ta kai mu ba, rana kuma ta yi. Ya juya ya yi wa mai nuna hanya wata magana da Faransanci, suka yi dariya. Ban iya Faransanci ba, amma dariya ba ta buƙatar tafinta. Motar na jan ciki cikin rairayi, na buɗe ƙofa na sauka.

"Inna, don Allah, an hana," ya ce.

"Wanda ya hana ya zo ya ɗauke ni."

Na tafi da sandata. Aduwar babu, sai kututture. Rijiyar ta cike, bakinta ya zama ɗan kwari. Kwamin kuwa na same shi, rabinsa cikin ƙasa, a tsage. Na juya gabas na nemi duwatsu. Na tona da sanda, na tona da hannu. Rairayi ne kawai. Na duba ƙasa ko zan ga sawu, ko na zomo ne. Sumul, kamar cikin tatsuniya. An kori masu jan gugan dawa don a tsare barewa, ita ma barewar ta bi bayansu.

Ɗana ya biyo ni yana duba agogo. Na ce ya kawo bidon ruwa, jarkar nan da ke cikin mota. Ya ce na hanya ne, ko mota za ta yi zafi. Na koma da ƙafata na ɗauko, na share kwamin da gefen zanena, na juye. Ruwan ya bi tsagar ya shige ƙasa. Na ce ya shige, kakata tana nan ƙasa wani wuri. Na ɗaga hannu ina mata addu'a, ban san ko ina gabanta ko bisa kanta nake ba. Ina shafawa na ga ɗana ya ɗaga tarho yana ɗaukar hotona. Wai don tarihi.

Ina yarinya na zaci tatsuniyar nan ta rowar ruwa ce. Sai da na tsaya wurin nan na gane ta hanya ce. Ba don tausayin barewa kaɗai ake barin gugan ba, don a samu mai taka sawu zuwa inda naka suke. Ni na yi shekaru ban je ba, wannan laifina ne, na ɗauka. Amma wanda na shayar da nonona, ya kai ni taki uku daga kakata, ya ce esansi.

Jikokina na zuwa hutu, suna zama gabana bayan magariba, ina ba su tatsuniyar yadda aka ba ni. Abu ɗaya na ƙara. Mutumin nan da ya kife kwami, yanzu mota gare shi, da agogo. Babbarsu ta tambaye ni sunansa. Na ce mata ba ni faɗin sunansa.