Kalma Ɗaya a Adireshi Ta Tsare Sakamakon Gwaggona

Edita, don Allah a sakaya sunana. Lokacin da abin nan ya faru, shekarata biyu da fara aiki a wani kamfani mai kula da na'urorin ɗakunan awon jini a nan Douala. A unguwar New Bell aka haife ni, inda fatauci ya sauke kakana, kuma ni ce mace ta farko a gidanmu da ta karanci kwamfuta. Gaskiya abin ya hau mini kai. Gani nake babu wanda ya isa ya gyara mini aiki.

Aikina shi ne haɗa manhajoji su riƙa miƙa wa juna saƙo. Akwai wata babba a tsakiya, ita ke karɓar sakamako daga ɗakin awo ta kai wa asibitoci, kowanne ta adireshinsa na intanet da muke rubuta mata. Wani ƙaramin asibiti a unguwar Kassalafam ya sauya na'ura, aka ce in saka sabon adireshinsu. Biyu suka turo, ɗaya na gwaji, ɗaya na ainihin aiki. Shef ɗinmu, wato shugabanmu a ofis, wani dattijo mai tsananin bin ƙa'ida, ya ce idan na gama in kira asibitin su tabbatar saƙo ya iso gabansu. Na amsa masa da to, amma a raina na ce tsohon yayi ne. Na saka adireshi, na tura saƙo, allo ya nuna kore alamar an karɓa, na rufe na kama wani aikin.

Kwana biyu sai wata nas ta kira daga asibitin, ta ce sakamako ba ya zuwa. Na ce ta duba rezonsu, wato layin intanet ɗinsu, don ni a wajena komai kore ne. Washegari ta sake kira, na ɗaga mata murya, na ce su koyi aiki da na'urarsu su daina ɓata mini lokaci. Har takarda na rubuta wa shef da Faransanci, na ɗora musu laifin duka. Kullum da takaicinsu nake komawa gida.

Ranar Juma'a na tarar da Gwaggo, ƙanwar mahaifina, kwance a ɗakin mahaifiyata, ƙafafunta sun kumbura. Ashe a asibitin nan ake duba ta. Sau uku tana hawa babur cikin ruwan sama tana zuwa, ana cewa ta dawo, domin likita ya ƙi sauya mata magani sai ya ga sakamakon jininta. Ta dube ni ta ce, “'Yata, ke da kika san na'ura, wai me ya riƙe takardar nan?” Na ce mata sakacin asibiti ne. Ina faɗa sai na tuna kiran da shef ya ce in yi, ban yi ba.

Da safiyar Asabar na je ofis, na buɗe inda na saka adireshin, na bi shi harafi-harafi. Can tsakiya ga kalmar essai, wato gwaji. Duk sakamakon kwana biyar yana tafiya ne wurin gwaji, wurin da ke karɓar komai ya ce ya karɓa, kuma babu mai leƙa shi. Gyaran bai kai minti ɗaya ba. Wannan shi ne abin da ya fi ƙona mini rai har yau. Na wuni ina sake tura sakamakon mutane ɗaya bayan ɗaya.

Da na gaya wa shef, bai yi mini faɗa ba. Ya ajiye takardar da na rubuta a gabana, ya ce in je asibitin da ƙafata in ba su haƙuri. Nas ɗin ta saurare ni har na gama, sannan ta ce akwai wata mai juna biyu da sai da aka sake ɗibar jininta a wani wuri, akwai kuma waɗanda suka gaji ba su dawo ba. Gwaggo kuwa aka kwantar da ita mako guda saboda ƙoda. Ta samu sauƙi, alhamdu lillahi, amma ban san nawa ne daga cikin wahalarta ya rataya a wuyana ba.

Ba kuskuren ne kawai ke damuna ba, kowa na kuskure. Abin da na kasa yafe wa kaina shi ne an gaya mini sau biyu, na zaɓi in gaskata allo in ƙaryata mutum. Ku masu irin aikina, idan wanda ke can ɗaya ɓangaren ya ce abu bai iso ba, ku fara zargin hannunku kafin nasa, domin bayan kowane saƙo akwai mai jira. Har gobe Gwaggo na gaya wa maƙwabta cewa 'yarta ce ta je ta fito mata da takardarta, tana sa mini albarka. Ni kuwa sai in sunkuyar da kai in ce amin.