Faranti Mai Jan Hatimi

Duk wanda ya aurar da 'ya a Warra cikin shekara talatin ɗin nan, da wuya bai taka rumfar Tabawa dillaliya ba. Kayan jere take sayarwa, sabo da tsoho: tasa, kumbo, langa, tangaran. Ba ta yi boko ba, amma miƙa mata faranti ka sha kallo. Ko furen ciki ba ta dubawa, kifa shi take yi ta shafa gindin da babban yatsa. "Wanga ɗan Cana ne, jiya aka toya shi," sai ta ture gefe. Masu kawo mata jabu sun sha kunya, don bakinta ba linzami.

Faranti ɗaya ne ba na sayarwa ba, wani shuɗi mai zanen tsuntsaye masu dogon wuya tsaye cikin ruwa. Mahaifiyarta ta same shi a hannun kukun wani Bature, kuma a naɗe cikin zane ta fito da shi ranar da aka tashi ƙauyensu don ruwan dam zai cinye shi. Tambari biyu ne a gindinsa, shuɗi a tsakiya da ɗan jan hatimi a gefe. Tabawa ta shafa gindin kwano ba iyaka, ba ta taɓa cin karo da jan nan ba, kuma abin ya daɗe yana cinta.

Ɗanta Jamilu, malamin firamare a Yelwa, shi ya jawo musu masifa, kuma da kyakkyawar niyya fa! Ya ɗauki hoton tambarin da waya ya tura wa masana tsofaffin kaya. Da amsa ta zo ya tako har rumfa ya karanta mata.

"Inna, shuɗin na wanda ya toya shi ne. Jan kuma na wani dillalin kayan tarihi ne a ƙasar Japan, ya rufe shago tun kafin yaƙin duniya na biyu. Wai ba shi buga hatiminai sai ga abin da ya yarda da shi."

Tabawa ta yi dariya har da tafi. "Ashe ɗan'uwana ne a sana'a! Allah sarki."

To, ran kasuwa ce, rumfar cike da masu jiran kwalekwale, kowa ya kasa kunne. Kafin maganar ta isa Ngaski farantin ya zama na zinariya. Da ta kai Shanga kuwa, wai Turawa na nan tafe cikin jirgin sama su saya. A ƙasar nan, a wannan zamani, wallahi gara a ce kana da kuturta da a ce kana da dukiya a ɗaka.

Ba a yi mako ba wasu baƙi biyu a kan babur suka tsaya wurin mai shayi suna tambayar gidanta. Washegari da hantsi autarta Yasira ta dawo daga wanki a bakin ruwa, ta ce wani mutum ya tare ta ya ce, "Ke ce ɗiyar mai farantin?" Tabawa ta san gidajen da aka ɗauke wa 'ya'ya, ta san waɗanda har yau ba su dawo ba. Abinci ya gagare ta, ko akuya ta taɓa ƙyaure sai gabanta ya faɗi.

Jamilu ya ce bari ya ɓoye farantin a Yelwa. Ta daka masa tsawa. "Su bi ka can? Rufa mini baki, ka yi mai isarka!" Ta yi tunanin jefa shi a tafki, amma wa zai shaida?

Ran kasuwa ta gaba ta sa aka kira sarkin kasuwa, aka ajiye turmi a gaban rumfa. Ta ɗaga farantin sama, ta juya gindinsa kowa ya ga jan hatimin. Sannan ta yi bisimilla ta saka shi cikin turmin, ta ɗaga taɓarya. Tana daka tana hawaye, ba ta tsaya ba sai da abin mahaifiyarta ya koma gari.

"Kun gani da idonku," ta ce da ƙarfi. "Ku kai labari har inda kuka kai na farko."

Mutane suka watse. Ta sunkuya tana share tarkacen, rabonta da sakin numfashi irin haka tun ranar da baƙin nan suka zo. Sai ta jiyo mata biyu a bayan rumfa suna magana ƙasa-ƙasa.

"Ke kin yarda? Tabawa fa dillaliya ce. Jabu ta daka, na gasken shina ƙarƙashin gado."

Tsintsiyar ta suɓuce daga hannunta. Yanzu ko sun ɗauke Yasira sun ce a kawo faranti, ba ta da abin da za ta miƙa musu.