Ƙarar da Muka Kai wa Mai Masauki

A falona da ke titin Grand Concourse, a nan Amurka, muke haɗuwa duk Asabar da rana, mu yi wasan labari a kan tebur. Ni ce mai ba da labarin. Kowa da jarumin da yake wakilta, in ya ce jaruminsa zai haura katanga ko zai yaudari mai gadi, sai ya jefa dayis irin na ludo, abin da ya fito shi ne hukunci. Daga ni sai ƙanena, da wata abokiyar aikina ta asibiti, da wani mutumin Kumasi da ya girme mu duka, wanda aikinsa kula da tsofaffi ne a gidajensu.

Shi ne ya zame mana ciwon kai. Bakinsa ba ya hutawa. Zan kwashe mako ina gina gari a kaina, da kasuwarsa da gadarsa, kafin in gama siffanta ƙofar garin ya riga ya ce jaruminsa ya cinna mata wuta. In dayis bai ba shi yadda yake so ba, sai ya ce teburina ne ya karkace. In abokiyar aikina ta buɗe baki, shi zai ƙarasa mata maganar, har ta koma zuwa da saƙa tana yi.

Ni mai saurin fushi ce, amma ban iya kallon idon wanda ya girme ni in ce masa ya yi shiru ba. Haka aka tashe mu. Sai na riƙa huce haushina a cikin labari. Na jefa jaruminsa rijiya, na sa kada ya haɗiye shi. Mutumin nan ya yi dariya har da hawaye, ya ce daga cikin kadan zai ci gaba da magana.

Da abin ya ishe mu, ƙanena ya kawo shawarar da duk muka ga ta dace, wato a bi ta hannun babba. Akwai wani dattijo mai shago a unguwar Mount Hope, shi ya sauke mutumin a gidansa lokacin da ya fara zuwa ƙasar nan, kuma mutumin ba ya tsallake maganarsa. Muka je muka gaishe shi, muka roƙe shi ya ɗan ja masa kunne cikin sirri. Dattijo ya saurare mu da kyau. Tambaya ɗaya ya yi, wai da dayis ake wasan? Muka ce e, muka tafi muna murna.

Ashe shi abin da ya fahimta caca ce. Bai tsaya neman sirri ba, a ƙofar shago ya tare mutumin bayan sallar Juma'a, gaban 'yan garinsu, ya ce magidanci da iyali a gida ya zo Amurka ya zauna yana caca da yara. Kafin mu koma mu yi bayani, maganar ta isa Kumasi wajen matarsa.

Bai sake zuwa ba. Na kira shi, ba ya ɗauka. Teburin ya samu natsuwar da nake nema, kowa na jiran layinsa, ni kuwa ina siffanta ƙofar gari har ƙarshe babu wanda ya ƙone ta. Raina bai yi daɗi ba ko sau ɗaya.

Cikin hunturu na gan shi a jirgin ƙasa na layin D, da kayan aiki a jikinsa. Ya gaishe ni da mutunci, ya tambayi ƙanena. Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu. Ya ce tsohon da yake kula da shi ya daina magana tun tuni, yini guda yake yi a ɗakin nan ba ya jin muryar kowa, har tasa.

"Asabar kaɗai nake da mutane," in ji shi. "Sister, da kin ce mini *shut up* da bakinki, wallahi da na yi dariya na yi shiru."

Na ce kujerarsa na nan. Ya ce ya riga ya yi wa dattijo rantsuwa ba zai ƙara taɓa dayis ba. A tashar 125th Street ya sauka, na bi shi da kallo har ƙofa ta rufe.