Ƙwaro a Sabon Rumbu

Hamidu Na'Allah ya shekara talatin yana ginin rumbu a Gidan Katta kafin ciwon gwiwa ya zaunar da shi a Illela. A 1986 wani mai tallar maganin ƙwari ya riƙa zagaya ƙauyuka, kuma duk rumbun da ya zura hannu sai ya fito da ƙwaro. Hamidu ya kai shi wani rumbu da bai daɗe da gama ginawa ba, ko zangarniya ɗaya ba a sa ciki ba. Mutumin ya zura hannu ya fito da uku. Ashe a aljihu yake yawo da su.

Bara jikarsa Lubabatu ta kawo masa kuka.

"Kaka, wata manhaja ta maƙale a kwamfutata. Kullum sai ta ce ta gano cuta arba'in, in biya ta kashe su. Sau uku ina goge ta, tana dawowa."

"Mi kike da shi sabo, wanda ba a taɓa sa komai ciki ba?"

Ta ɓare sabon filashi na adana bayanai daga kwalinsa ta jona a kwamfutar. Manhajar ta ce akwai cuta arba'in a cikinsa.

Hamidu ya daɗe yana kallon allon. Ya ce ta kwashe takardunta da hotunanta gefe, ta kai a share kwamfutar tas, kamar yadda ake kwashe gero a turara rumbu, don ƙwai a tsaga yake ɓuya.

"Na san shi," in ji tsohon. "Riga kawai ya sake."