Evantiya Mai Zanen Ɗakin Yara

Da safe, kafin ta taɓa komai, Kiriya Evantiya Dimula, wato Uwargida Evantiya, takan tsoma hannunta na dama cikin ruwan ɗumi har yatsun su saki. Sannan ta zauna bakin taga mai kallon tashar jiragen ruwa ta garinmu Volos, kofi na hucewa a gefe, ta shiga jan baƙin layi a farar takarda. Yau doki mai fikafikai, gobe ƙato mai ido ɗaya, duk daga labaran kakanninmu na da. Ba ta sa launi. Wannan rabon yaran da ke kwance a asibiti ne, waɗanda take kai wa zanen duk Laraba tun gashinta yana baƙi.

Mijinta Sotiris yakan leƙo ya ce, "Ke tsohuwa, allolin nan naki sun mutu tun tuni. So kike ki bi su?"

"Je ka ɗora wake, ka bar ni da matattuna," in ji ta.

Nas Garifaliya ce ta ba ni labarin wata yarinya, Arjiro, mai ciwon ƙoda. Magani ya kumbura mata fuska har ta daina yarda kowa ya gan ta. Yara na taruwa a ɗakin wasa, ita tana ƙudundune cikin bargo. Wata Laraba Evantiya ta miƙa mata zanen wani dodo mai kai irin na bijimi, wanda aka kulle a gida mai ruɗaɗɗun lunguna, ga saurayi ya zare masa takobi. Yarinyar ta duba, ta yaga takardar.

"Kaka, don me kullum shi ake kashewa? Don ba shi da kyau?"

A lokacin likita ya riga ya hana Evantiya riƙe alƙalami, don gaɓoɓin yatsunta sun kumbura. Ta koma gida ta ɗaure alƙalamin a yatsunta da tsumma. Ta zana ta yaga, ta zana ta yaga, Sotiris na kwashe takardu yana ƙunƙuni. Da mako ya zagayo ta kawo zane guda. Dodon ya fito waje, yana zaune gindin zaitun shi da saurayin suna raba burodi, takobin yashe a ƙasa.

Mahaifin yarinyar ya karɓa ya duba. "Kiriya, ai ba haka labarin yake ba."

"Na sani, ɗana. Na gaji da kashe shi ne."

Arjiro ta shafa wa dodon shuɗi. Da yamma ta sauko daga gado ta kai zanen ɗakin wasa don sauran yara su gani. Har yau tana jinya, amma ba ta ƙara ɓoye fuskarta ba.

Kiriya Evantiya, ke ce kika zauna bakin gadajen da ko dangi ke gajiya da zama. Ke ce kika ga yaran da aka sallama da waɗanda ba a sallama ba, kika koma gida kika sake ɗaukar alƙalami. Sunanki bai taɓa fitowa a ƙasan takarda ko ɗaya ba.

Yanzu hannun ya ƙi. Layin yana rawa, ba ya haɗuwa da ɗan'uwansa. Makon jiya ta kai zanenta na ƙarshe. Ma'aikatan jinya suka sayo tiren kayan zaƙi, amma kafin a gama tara yaran barci ya ɗauke ta a kan kujera, jaka a cinya. Ba wanda ya tashe ta.

Mun gode, uwar masu jinya. Allah ya huta gajiya.

Ku kuma masu hannu lafiyayye, yaran suna nan, fensiran launi suna cikin gwangwani. Evantiya ta ce duk mai so ya zo gida ta koya masa. Amma ya zo da safe, domin bayan abincin rana ba ta da sauran ƙarfi.