Inci Shida Tsakanin Malam Habu da Ƙasa

Ranaku da yawa na aiki sun shuɗe ban riƙe komai daga cikinsu ba, amma ban taɓa mantawa da Talatar da muka zauna mu huɗu, manya da furfurarmu, don mu hukunta mutum saboda ya yanke soso ba.

Ku da kuka shigo daga baya, bari in fara daga tushe. A lokacin ni ne sakataren wani shiri na duba makarantun karkara, ofishinmu a Kazaure. Kafin nan lissafi nake koyarwa a firamare. Masu duba makarantu takwas ne, an raba musu ƙauyukan Roni da Gwiwa da Babura. Aikinsu su faɗa makaranta ba zato, su ga ko malami na cikin aji, su duba rajista, su kai takardun jarrabawa. Duk a kan babur.

Da aka kawo sababbin babura, Kodinetanmu, Alhaji Ɗanlami, ya fito dubawa. Dogo ne, irin wanda sai ya sunkuya a ƙofar aji. Ya latsa kujerar da babur ya zo da ita daga kamfani da ɗan yatsa, ya ce ba ta dace da martabar shirin ba. Aka kira mai kushin daga kasuwa, aka ce ya ƙara soso, ya rufe da leda mai sheƙi.

Ina tsaye mai kushin ya ce, "Ranka ya daɗe, da za a turo mini su ɗaya bayan ɗaya, in ga tsayin kowa."

"Kai tela ne?" in ji Kodineta. "Ga ni nan, auna da ni. Duka iri ɗaya nake so, saboda hoto."

An ɗauki hoton, ya kuma yi kyau ƙwarai. Ina jin har yanzu yana jikin bango.

Kujerar kuwa, in ka fara zama sai ka ce katifar amarya. Bayan rabin awa soson ya lotse, ledar ta riƙa zame da kai zuwa tanki, in ta sha rana kuma ta gasa ka ta cikin wando. Ga tsawo ga faɗi, tana buɗe cinya, ƙafa ta ƙara nisa da ƙasa. Kowa ya yi gunaguni a zaure, a ofis kowa ya yi shiru, har da ni.

Malam Habu ne ya fi shan wuya. Gajere ne, ya shekara talatin yana aiki babu ɗigon tuhuma a fayil ɗinsa, saura shekara guda ya yi ritaya. Yankinsa Babura, ƙasar rairayi. Duk wanda ya taɓa tuƙi a rairayi ya san ƙafa biyu ake saukewa, kana dogarawa hagu da dama, injin yana jan ka. A sabuwar kujera Malam Habu sai ya karkata kafin babban yatsan ƙafa ɗaya ya taɓa ƙasa.

Sau biyu ya rubuto takarda yana neman izinin rage soson. Ni na buga musu hatimi, ni na ajiye su a teburin Kodineta. Ba a ce e ba, ba a ce a'a ba.

Makon jarrabawa, yana ɗauke da akwatin takardu a baya, rairayi ya riƙe tayar gaba. Ya miƙa ƙafa, ƙasa ba ta nan. Babur ya kwanta a kansa, salansa, bututun hayaƙin nan mai zafi, ta manne masa a ƙasan gwiwa, sai da wani mai amalanke ya zo ya ɗaga. A haka ya kai takardun. Kashegari ya ɗingisa zuwa wurin mai kushin, aka yanke soson, aka rage faɗin, aka mayar da ledar.

Kwana uku bayan haka na buga takardar tuhuma da hannuna: lalata kayan shiri ba da izini ba. Ƙa'idar ita ce, wanda aka tuhuma ya amsa a rubuce, sannan kwamiti ya zauna. In an same shi da laifi, a saka a fayil, a kuma janye shi daga fita duba makarantu. Amsar Malam Habu layi biyu ce: "Na nemi izini sau biyu. Ƙafata ce ta ƙi jira."

Hajiya Rabi, tsohuwar shugabar makaranta, ita ta shugabanci zaman, da mambobi biyu, ni ina rubutu. Kodineta ya zo a matsayin mai ƙara.

"Ranki ya daɗe," in ji shi, "ni kaina na hau babur ɗin, na zagaya harabar nan sau biyu. Lafiya lau. In kowa zai gyara kayan hukuma daidai jikinsa, ina tsari?"

Hajiya ta juya. "Malam Habu, me ka ce?"

Ya naɗe ƙafar wando ya nuna ƙunar, ya sauke.

"Wannan rashin iya tuƙi ne," in ji Kodineta.

A nan raina ya ɓaci. Mutumin nan yana ratsa rairayin Babura tun Kodineta na ɗalibi. Na ajiye biro na ce, "Ranki ya daɗe, ƙa'ida ta ce kwamiti ya ga kayan da idonsa. Ina roƙon a fita waje, a kuma ba ni aron tef na awo."

Hajiya ta daɗe tana kallona ta saman tabarau. Ta ce, "Malamin lissafi, mu je."

Na auna Malam Habu daga ƙugu zuwa diddige. Na nemi izini na auna Kodineta, yana dariya. Bambancin inci shida. Akwai bulo mai inci shida a bayan ofis, ragowar ginin katanga. Na kwantar da biyu, muka ɗora wani babur mai kujerar alfarma a kai, taya ɗaya kan kowane bulo.

Na ce, "Ranka ya daɗe, yanzu ƙasa ta yi maka nisan da take yi wa Malam Habu. Bismillah."

Ya tattare babbar riga ya haye, mambobin nan biyu suna riƙe da babur. Ya lalubi ƙasa da ƙafar dama, ba ta nan. Ya karkata, yatsa ya taɓa da ƙyar, ta hagu tana lilo.

"A sake shi," in ji Hajiya.

"Kai, kai, ku riƙe! Ku riƙe mana!"

Ba su ma sake ba, sassautawa kawai suka yi. Hularsa ce kaɗai ta faɗi. Malam Habu ya ɗingisa ya ɗauko, ya kaɗe ta, ya miƙa da hannu biyu. Ya ce, "Ranka ya daɗe, nan ma siminti ne, ba akwati a baya."

Kada ku zaci an ba shi haƙuri. Takardar da ta fito cewa ta yi an janye tuhumar "bisa tausayawa da la'akari da shekarunsa," kamar wanda aka kama da sata aka yafe masa. Na ƙi buga ta, wani ya buga. Bayan mako guda sanarwa ta fito cewa, bisa hangen nesan Kodineta, kowane ma'aikaci zai je wurin mai kushin a daidaita masa kujera. Aka karanta a taro, aka tafa. Babu sunan Malam Habu a ciki, babu na mai kushin da ya faɗi haka tun ranar farko.

Malam Habu ya yi ritaya da fayil mai tsabta da tabo a ƙafa. Wasiƙunsa biyu na same su daga baya a ƙarƙashin tulin jaridu a teburin Kodineta, da hatimina a kai. Wannan nawa rabon laifin ne: na karɓa, na ajiye, ban bi sawu ba.

Abin da na koya ke nan a wannan aiki namu. Wanda ke sa hannu a takarda kusan kullum ba shi ne zai zauna a kan abin ba, kuma ya fi yarda da zagaye biyu na harabar ofis a kan shekara talatin ta wani a cikin rairayi. In wata rana aka kawo muku abin da wani zai yi wuni a kansa, kujera ce ko doka, kafin ku ɗauki biro ku kira mafi gajarta a cikin ma'aikatanku. Ku ce ya hau, ku duba ƙafarsa.